Maikro-RNA: Saƙon haruffa 22 da ke iya ceto tsokar zuciya bayan bugun zuciya

Idan gilashin waya ya fashe, mai gyara zai cire ya maƙala wani cikin minti talatin. Idan batir ya kumbura, akwai sabo a shago. Zuciyar ɗan Adam ba ta da wannan gatan. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kuma mafi yawan ƙwayoyin tsokar da ke wannan aiki tun mutum yana jariri yake tare da su. Wadda ta mutu a cikinsu, da wuya a samu madadinta.

Wannan ne ya sa bugun zuciya yake da muni ko ga wanda ya tsallake rijiya da baya. Mutum zai iya tashi daga gadon asibiti ya koma gida, amma da zuciyar da ta rasa wani yanki na ƙarfinta har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun faru ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaitan ƙarfi.

Shekaru kusan ashirin ke nan masu bincike suna bibiyar wasu ƙananan abubuwa da ke cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ake kira maikro-RNA. Su ne ke cikin masu yanke hukuncin ko ƙwayar tsokar da ta ji rauni za ta rayu ko za ta mutu. Wanda ya san yadda manhaja ke aiki zai fahimci labarinsu da sauri, domin matsalar da ta tsaya wa masana a wuya irin wadda masu rubuta manhaja ke fama da ita ce kullum: canza layi ɗaya abu ne mai sauƙi, amma tabbatar da cewa canjin bai rusa sauran tsarin ba shi ne aikin.

Me ke faruwa a lokacin bugun zuciya?

Zuciya tana tura jini zuwa ko'ina a jiki, amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta. Kitse da kolestarol suna taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi tsawon shekaru. Wata rana tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Duk tsokar da ke gaba da toshiyar sai ta daina samun iskar oksijin.

Ƙwayoyin ba sa mutuwa gaba ɗaya a lokaci guda. Bayan minti 20 zuwa 30 ne ɓarnar da ba ta gyaruwa take farawa, daga can cikin bangon zuciyar, sannan ta riƙa yaɗuwa waje cikin sa'o'i. A tsakiyar yankin, inda jini ya yanke ƙaf, ƙwayoyi suna kumbura su fashe. A gefen yankin kuwa akwai ƙwayoyin da ke samun ɗan jini kaɗan daga wasu hanyoyi. Suna cikin wahala, amma da ransu. Likitoci suna kiran wurin yankin iyaka.

A yankin iyaka ne lamarin yake ɗaukar hankali. Ƙwayar halitta tana da wani shiri na kashe kanta da ke ajiye a cikinta, kamar yadda waya ke kashe kanta idan ta yi zafi fiye da kima. Shirin yana da amfani a rayuwar yau da kullum, domin da shi jiki ke kawar da ƙwayoyin da suka lalace kafin su zama kansa. Sai dai bayan bugun zuciya, ƙwayoyi da dama da za su iya farfaɗowa suna danna wannan maɓalli. Wani abin mamaki kuma shi ne, ko dawowar jini bayan likita ya buɗe jijiyar tana haifar da tata ɓarnar, domin kwararar oksijin ta farat ɗaya tana ƙona sassan ƙwayar da ta riga ta galabaita.

Bugun zuciya mai tsanani zai iya kashe ƙwayoyin tsoka kusan biliyan ɗaya. Jiki yana cike gurbin da tabo. Tabon yana hana bangon zuciya yagewa, amma ba ya matsewa, ba ya tura jini. Sauran tsokar sai ta ɗauki aikin da ya fi ƙarfinta, ta yi kauri, zuciyar ta buɗe, a ƙarshe a kai ga gazawar zuciya: kumburin ƙafa, haki, da kasa kwanciya a miƙe.

Me ya sa zuciya ba ta gyara kanta?

Fata tana warkewa, hanta tana sake tofowa, jini yana sabuntuwa. Na zuciya daban ne. A shekarar 2009, masana a Cibiyar Karolinska da ke ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Jonas Frisén, sun auna shekarun ƙwayoyin zuciya ta wata hanya mai wayo. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 zuwa farkon 1960 sun ƙara yawan wani nau'in kabon mai lamba 14 a iska, kuma yawansa yana raguwa kowace shekara tun daga lokacin. Duk ƙwayar da aka ƙirƙira tana ɗauke da adadin kabon ɗin na shekarar da aka yi ta, kamar kwanan watan da waya ke maƙala wa hoto. Da suka duba, sai suka ga mai shekara 25 yana sabunta kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa a shekara, mai shekara 75 kuma ƙasa da rabin haka. Wannan ba zai cike gurbin biliyan ɗaya ba.

Amma wasu halittun suna iyawa. A 2002, Kenneth Poss da Mark Keating sun nuna cewa wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane irin na jakin dawa yana sake tofo da zuciyarsa cikin kusan wata biyu bayan an yanke kashi 20 cikin 100 nata. A 2011 kuma, masana a birnin Dallas na Amurka, a ɗakunan binciken Eric Olson da Hesham Sadek, sun gano cewa ɓeran da aka haifa jiya ma yana iya hakan, amma idan ya kai kwana bakwai ikon ya tafi.

Ma'ana, shirin gyaran yana nan a rubuce cikin jikin dabbobi masu shayarwa. Wani abu ne ke kashe shi jim kaɗan bayan haihuwa. Neman wannan abu na daga cikin hanyoyin da suka kai masana ga maikro-RNA.

Mene ne maikro-RNA?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai haruffa kusan biliyan uku. Shi ne ainihin kod ɗin jiki. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, kuma furotin ne ke yin kusan dukkan ayyukan ƙwaya. Ba a fitar da DNA daga ma'ajiyarsa. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan wani saƙo mai suna mRNA, a tura shi wurin da ake haɗa furotin ɗin.

To idan kod ɗin iri ɗaya ne, me ya bambanta ƙwayar zuciya da ta ido? Saiti. Kowace ƙwaya tana kunna wasu sassa, ta rage wasu, ta kashe wasu. Maikro-RNA na cikin masu riƙe da wannan saiti. Shi ma RNA ne, amma gajere ƙwarai, haruffa kusan 22 kacal, kuma ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Tunda haruffan RNA huɗu ne, kowane zai shiga cikin bit biyu, wato dukkan saƙon bai kai bayit shida ba. Saƙon tes guda ɗaya mai haruffa 160 ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Aikinsa ya yi kama da matattarar da ke tare saƙonnin banza a akwatin imel. Wasu furotin biyu, Drosha da Dicer, suna yanka shi zuwa girmansa, sannan a ɗora shi a kan wani furotin mai suna Argonaute. Daga nan sai su riƙa bincika saƙonnin mRNA da ke yawo a cikin ƙwayar. Duk saƙon da ke da jerin haruffan da suka dace da wasu haruffa shida zuwa takwas na farkon maikro-RNA ɗin, sai a riƙe shi, a hana karanta shi ko a lalata shi. Sakamakon shi ne furotin ɗin da saƙon ya ɗauko ya ragu. Yawanci ba ya ɓacewa gaba ɗaya, raguwa yake yi, kamar an rage ƙarar rediyo.

Tunda kalmar binciken gajeriya ce, tana dacewa da saƙonni masu yawa. Maikro-RNA ɗaya zai iya taɓa ɗaruruwan ƙwayoyin gado, kuma an kiyasta fiye da rabin ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu haɗa furotin suna ƙarƙashin irin wannan kulawa. Nan ne ƙarfinsa yake, nan ne kuma haɗarinsa.

An gano na farko ne a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, C. elegans. A 1993 Victor Ambros, tare da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, suka nuna cewa ƙwayar gadon da ake kira lin-4 ɗan guntun RNA take samarwa, shi kuma Gary Ruvkun ya nuna yadda guntun ke danne wata ƙwayar gadon mai suna lin-14. Da farko an ɗauka wani abin ban mamaki ne na tsutsa kawai. Sai a shekarar 2000 da ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma same shi a jikin ƙudaje da kifaye da mutane. Yanzu an san ɗan Adam yana da fiye da 1,000. A watan Oktoban 2024 aka ba Ambros da Ruvkun lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda wannan aiki.

Game da zuciya, gwaji ɗaya ya isa ya nuna muhimmancinsu. Da masana suka cire Dicer daga zuciyar ɓeraye kaɗai, wato suka tsayar da samar da kusan dukkan maikro-RNA a wurin, zukatan sun buɗe sun gaza, ɓerayen suka mutu cikin kwanaki kaɗan da haihuwa.

Masu ingiza mutuwa da masu hana ta

Bayan bugun zuciya, adadin maikro-RNA da yawa yana sauyawa a yankin iyaka cikin sa'o'i. Wasu suna hawa, wasu suna faɗuwa. Ana ba su suna da lamba, kamar miR-15 ko miR-34a.

Dangin miR-15 suna cikin masu ingiza mutuwa. Suna danne wani furotin mai suna Bcl-2, wanda aikinsa shi ne riƙe hannun ƙwaya kada ta danna maɓallin kashe kanta. Suna ƙaruwa bayan jini ya yanke. A 2012 aka nuna cewa toshe su a jikin ɓeraye yana rage girman yankin da ya mutu. Dangin nan ne kuma masanan Dallas suka gano suna hawa jim kaɗan bayan haihuwa, suna taimakawa wajen hana ƙwayoyin zuciya rabuwa gida biyu.

Shi kuwa miR-34a yana ƙaruwa ne yayin da zuciya ke tsufa. A 2013, ɗakin binciken Stefanie Dimmeler a birnin Frankfurt na Jamus ya wallafa a mujallar Nature cewa toshe shi bayan bugun zuciya ya rage mutuwar ƙwayoyi da yawan tabo a jikin ɓeraye. Wannan ɗakin ne a 2009 ya nuna cewa miR-92a yana hana tsirowar sabbin ƙananan jijiyoyin jini, kuma toshe shi yana taimaka wa yankin da ya ji rauni ya sake samun jini. Daga baya aka maimaita wannan a jikin aladu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu kariya. miR-210 yana tashi duk lokacin da oksijin ya yi ƙaranci, kamar yanayin tsimin batir da waya ke shiga idan caji ya kusa ƙarewa. Yana rage aikin maitokondiriya, wato ƙananan janaretocin da ke ba ƙwaya wuta, domin ta jure har jini ya dawo. miR-499 kuma, wanda kusan a tsoka kaɗai ake samunsa, yana hana waɗannan janaretoci tarwatsewa gunduwa-gunduwa, abin da kan zo gab da mutuwar ƙwaya. Akwai kuma miR-29 da ke taka wa saƙar tabo birki. Bayan bugun zuciya yana raguwa a gefen raunin, sai saƙar ta wuce gona da iri.

Daga nan tunanin magani ya fito fili: a toshe masu ingiza mutuwa, a ƙara masu kariya. Hanyoyin yin duka biyun suna nan. Don toshewa, ana haɗa wani guntun saƙo a ɗakin gwaje-gwaje wanda haruffansa suka dace da na maikro-RNA ɗin, ya manne masa ya hana shi aiki. Tun 2005 aka nuna wannan yana yiwuwa a jikin ɓeraye. Don ƙarawa kuma, ana tura kwafin maikro-RNA ɗin na roba, ko a saka umarnin haɗa shi a cikin wani bairas da aka cire wa dafi ya kai shi cikin ƙwaya.

Abu ɗaya, fuska biyu

A takarda komai ya yi daidai. Matsalar ita ce zuciya ba tsoka kaɗai ba ce. Akwai ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini, akwai masu saƙa tabo, akwai na garkuwar jiki. Maikro-RNA ɗaya zai iya zama alheri a wannan, sharri a waccan.

miR-24 misali ne mai kyau. A 2011 wani rukunin masana a Amurka ya nuna cewa ƙara shi yana hana ƙwayoyin tsokar zuciya mutuwa. A wannan shekarar dai wani rukuni a Jamus ya nuna cewa yawansa yana kashe ƙwayoyin jijiyoyin jini, kuma toshe shi ne ya taimaki ɓerayensu. Dukkansu suna iya zama masu gaskiya, domin kowa wata ƙwaya daban ya duba.

Haka miR-21. A cikin ƙwayoyin tsoka yana kare su daga mutuwa. A cikin masu saƙa tabo kuwa, binciken Thomas Thum da abokan aikinsa na 2008 ya nuna yana ingiza saƙar, kuma toshe shi ya rage ta. Bayan shekara biyu, ɗakin Olson ya cire miR-21 gaba ɗaya daga jikin ɓeraye, amma tabon bai fasa fitowa ba. An daɗe ana muhawara a kan dalilin wannan saɓani.

Sannan akwai sauran jiki. miR-34a da ake so a toshe a zuciya yana cikin masu hana kansa tasowa. Masu binciken kansa ƙara shi suke so su yi. An ma gwada wani magani mai suna MRX34, kwafin miR-34a, a jikin masu kansa, amma aka dakatar da gwajin a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan tashi, har mutum huɗu suka rasu.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwon kai. Akwai fayil ɗin da manhajoji ɗari suka dogara da shi. An gyara shi domin guda ɗaya, washegari sauran casa'in da tara sun fara kuka.

Darasin aladun Italiya

Labarin da ya fi bayyana alkawari da haɗarin wannan fanni ya fito ne daga birnin Trieste na Italiya, daga ɗakin binciken Mauro Giacca. Maimakon su yi hasashe, sai suka gwada kusan duka. Suka ɗauki maikro-RNA 875 na ɗan Adam, suka zuba kowane a kan ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, na'urar hangen ƙananan halittu mai sarrafa kanta ta ɗauki hotuna, kwamfuta ta ƙirga ƙwayoyin da suka fara rabuwa. Guda 40 suka yi fice. A 2012 suka wallafa cewa biyu daga ciki, miR-199a da miR-590, sun sa zuciyar manyan ɓeraye ta sake tofo da tsoka bayan bugun zuciya.

Zuciyar ɓera ƙarama ce, tana bugawa sau ɗaruruwa a minti. Ta alade ta fi kusa da ta mutum a girma da tsari. Saboda haka suka haɗa kai da masana a birnin Pisa, suka toshe jijiyar zuciyar aladu na ɗan lokaci, sannan suka yi musu allurar bairas mai ɗauke da miR-199a a gefen raunin. Bayan wata ɗaya sakamakon ya ba kowa mamaki. Tabo ya ragu, tsoka ta ƙaru, zuciya tana matsewa da ƙarfi. Amma a mako na bakwai zuwa na takwas, mafi yawan aladun da aka yi wa allurar suka faɗi matattu farat ɗaya, saboda bugawar zuciyarsu ta rikice. An wallafa wannan a Nature a 2019.

Dalilin shi ne bairas ɗin ba shi da maɓallin kashewa. Ya ci gaba da samar da miR-199a dare da rana, ƙwayoyin suka ci gaba da rabuwa ba tare da sun nuna sun zama cikakkiyar tsoka ba. Zuciya kuwa da wutar lantarki take aiki, kowace ƙwaya dole ta karɓi sigina ta miƙa wa maƙwabciyarta a kan lokaci. Ɗanyun ƙwayoyi a tsakiyar wannan layi suna karya tsarin. Kamar sabuntawar manhaja ce da ta gyara matsalar da aka yi ta dominta, amma ba ta daina girka kanta ba, kuma babu hanyar komawa tsohuwar siga.

Shi ya sa hankali ya karkata ga hanyoyin da ke ƙarewa da kansu. Ɗaya daga ciki ita ce a naɗe kwafin maikro-RNA a cikin ƙananan ƙwallayen mai, irin waɗanda aka yi amfani da su a allurar rigakafin korona ta Pfizer-BioNTech da ta Moderna. Saƙon ya yi aiki na kwanaki, jiki ya narkar da shi. Sai dai waɗannan ƙwallaye idan sun shiga jini yawanci hanta suke nufa. Koya musu adireshin zuciya aiki ne da har yanzu ake kansa.

Ina aka kwana a kan ɗan Adam?

Har yanzu babu maganin maikro-RNA da hukumomin magunguna suka amince a ba masu ciwon zuciya. Wanda ya fi yin nisa shi ne CDR132L na kamfanin Cardior da ke Hannover a Jamus, wanda Thomas Thum na cikin waɗanda suka kafa shi. Yana toshe miR-132, wanda ke ingiza kaurin tsoka da lalacewar siffar zuciya bayan rauni. A gwajin farko da aka wallafa a 2021, an gwada shi a kan mutum 28 masu gazawar zuciya, aka ga jikinsu ya karɓe shi ba tare da babbar illa ba. Daga nan aka shiga mataki na biyu mai suna HF-REVERT, wanda aka tsara wa mutum kusan 280 da suka yi bugun zuciya. A watan Maris na 2024 kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya sanar da sayen Cardior a kan kuɗin da za su iya kai Yuro biliyan 1.025.

Akwai dalilin sa rai daga wani ɗan'uwan maikro-RNA mai suna siRNA, wanda ke amfani da Argonaute ɗin nan dai, amma saƙo ɗaya tak yake hari. Maganin inclisiran irinsa ne. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020, Amurka a 2021. Bayan allurai biyu na farko, sau ɗaya ake yin sa duk wata shida, kuma yana rage mugun kolestarol da kusan rabi. Ya yi nasara ne saboda abu biyu: harinsa ɗaya ne, kuma hanta yake nufa, inda kai saƙo ya fi sauƙi. Waɗannan biyun ne daidai abin da magungunan zuciya ba su samu ba tukuna.

Inda binciken ya taɓa gida

Akwai wani ciwon zuciya da ba bugun zuciya ba ne, amma ya shafi arewacin Najeriya kai tsaye: gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko watannin farko na jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton yawansa, kuma yankin na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, har an taɓa kiyasta kusan mace 1 cikin 100 masu haihuwa a wasu asibitoci. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci tattara bayanan masu ciwon a faɗin ƙasar.

A 2013 masana daga Beljiyam da Jamus sun gano hannun maikro-RNA a cikinsa. Wani guntun sinadarin da ke kawo ruwan nono yana sa ƙwayoyin jijiyoyin jini su samar da miR-146a mai yawa, su naɗe shi a cikin ƙananan ƙunshi, su aika wa ƙwayoyin tsokar zuciya, inda yake rage musu kuzari. Sun same shi da yawa a jinin matan da ke da ciwon, kuma toshe shi ya sauƙaƙa ciwon a jikin ɓeraye. Wato ƙwayoyin zuciya suna tura wa juna waɗannan saƙonni, kuma ana iya kama su a hanya.

Abin da mai waya ya kamata ya riƙe

Kama saƙonni a cikin jini ya buɗe wata ƙofar, ta gwaji. Idan ƙwayoyin zuciya suka mutu, miR-208 da miR-499 da miR-1 da miR-133 suna zubowa cikin jini cikin sa'o'i. Amma ba su kori gwajin da asibitoci ke amfani da shi ba, wato na furotin troponin tare da na'urar ECG mai wayoyi da yawa, domin ya fi sauri kuma an daɗe da tabbatar da shi.

Agogon hannu ma bai kai nan ba. Tun 2018 Apple Watch yake ɗaukar ECG mai layi ɗaya, wasu agogunan Samsung da na wasu kamfanoni ma suna yi. Suna iya lura da wata rikicewar bugawar zuciya, amma Apple da kansa ya rubuta cewa agogonsa ba ya gano bugun zuciya. Idan agogo ya nuna komai lafiya alhali ƙirji yana ciwo, ƙirjin za a saurara.

Haka kuma duk tallar da ta bayyana a TikTok ko WhatsApp tana sayar da ƙwaya ko garin da wai yake gyara maikro-RNA ko sabunta ƙwayoyin zuciya, neman kuɗi ne kawai. Abin da manyan ɗakunan bincike ba su kammala ba cikin shekara ashirin ba zai zo a leda ba.

Abin da ke ceton ƙwayoyin yankin iyaka a yau shi ne lokaci. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, wanda kan sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi ko ya koma baya, tare da gumi mai sanyi, haki ko tashin zuciya, alamu ne da ba a jira da su. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga, wani lokacin kasala da haki ne kawai. Mutane da yawa suna ɗauka olsa ce, su sha magani su kwanta, alhali kowane minti tsoka ce ke tafiya. A nemi mota a nufi babban asibitin da ke da ECG, kuma kada mai ciwon ya tuƙa da kansa.

Matashi zai iya ganin wannan ba nasa ba ne tukuna. Amma shi ne mai waya a gidan, shi ake kira idan baba ya dafe ƙirji da tsakar dare. Kuma toshewar jijiya ba ranar ta fara ba. Hawan jini, sigari, shisha da ciwon suga suna aikinsu shekaru kafin a ji komai. Na'urar auna hawan jini ta ɗaura wa a dantse ba ta kai kuɗin ƙaramar wayar Android ba, kuma a gidan da ke da mai shekara arba'in zuwa sama, tana cikin na'urorin da suka fi cancantar a saya.